Daɓen Banɗakin Inna

Da dunduniyata na fara ji. Wata asuba na shiga banɗaki zan yi alwala, ina taka balat ɗin da ke gefen masai sai ya ɗan motsa, wani baƙin ruwa ya tsattsafo ta bakin haɗin. Balat shi ne sunan da muke kiran tayil a nan Omdurman. Na sake takawa, ruwan ya sake fitowa. Na tsaya da buta a hannu ina kallonsa, na san aiki ne ya same ni, ni kuwa ba ni da inda zan sa shi. Sai na jawo tsumma na rufe wurin, na yi alwalata na fito.

Wannan kafin yaƙi ne, lokacin da wahalarmu ba ta wuce layin burodi da ɗaukewar wuta da jiran mota ba. Mu biyu ne a gidan, ni da Baba. Gidan kakanmu ne, wanda ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, ya tsaya a nan don ya ɗan huta, bai sake ɗaura kaya ba. Ni malamar firamare ce a Bahri. Kullum sai na ƙetare gada safe da yamma, in tafi a tsaye cikin bas, in dawo a tsaye, in iso gida in ɗora tukunya. Aurena ya daɗe da mutuwa, ban haihu ba, shi ya sa da Inna ta rasu ba a ma zauna shawarar wanda zai kula da Baba ba. Kowa ya san ni ce.

Baba magini ne a zamaninsa, Usta ake ce masa, wato gwanin sana'a. Rabin gidajen layinmu sai da hannunsa ya taɓa su. A lokacin da nake ba da labari yanar ido ta rufe masa gani, haske da inuwa kawai yake rarrabewa, yana wuni a kan gadon igiya a ƙarƙashin rumfa da carbi da rediyo. Banɗakin nan kuwa ya fi masa duk sauran ayyukansa. Shi ya gina wa Inna da hannunsa lokacin da gwiwoyinta suka daina yarda da tsuguno. Ya cike tsohon masan rami da ke ƙuryar gida, ya kawo masai na zama, fari, mai tankin ruwa a baya, ya shimfiɗa balat shuɗi mai ɗigon fari. Duk layin babu mai irinsa a wancan lokaci. Mata sukan zo da sunan duba mara lafiya, sai ka ga sun nemi buta.

Na fi wata guda ina canza tsumma. In matse shi da asuba, in shanya, in sa wani. Da balat ɗaya ya zama uku na ce bari in gaya wa Baba. Na same shi bayan sallar magariba yana shan shayi.

"Baba, banɗakin nan kamar yana yoyo ta ƙasa."

Bai ko ajiye kofin ba. Ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, ba ya faɗinsa, "ke ce kike watsa ruwa kamar mai wankan jaki. Aikina ba ya yoyo."

"Ruwan baƙi ne, Baba. Daga ƙasa yake fitowa."

"Ki rage watsa ruwa ki gani."

Na rage. Na koma wanka da rabin bokiti, ina tsuguno a kusurwa kamar baƙuwa a gidan mutane. Duk da haka danshi ya fara hawa bango. Fenti ya kumbura ya riƙa zubowa, wani farin gishiri ya fito a ƙasan bangon har ta waje, ta ɓangaren tsakar gida. Katakon ƙofa ya sha ruwa ya ƙi rufuwa, sai na sa kafaɗa. Sai kuma warin. Ba irin wanda ke korar mutum nan take ba ne, wani wari ne mai nauyi, kamar na tsohuwar rijiya, wanda ke bin tufafi. Wata rana a ɗakin malamai na sunkuya zan ɗauki littafi na ji shi a mayafina. Ban sani ba ko wasu sun ji. Na ja kujerata kusa da taga.

Na kira Yaya. Shi ne babbanmu, yana zaune a unguwar Sahafa da iyalinsa. Ya ce in sha Allahu ranar Juma'a zai zo da mai gyara. Juma'a ta zo, babu mai a motarsa. Ta gaba matarsa ce ciwon sukarinta ya tashi. Ta gaba kuma ban tambayi dalili ba. Ba na cewa ƙarya yake yi, shi ma kayansa sun yi masa yawa. Amma kowane kira da jumla ɗaya yake ƙarewa: "Ki yi haƙuri, ke ce a kusa."

Abin da ya yanke maganar ya faru ne wata Asabar da la'asar. Ina tsince shinkafa a rumfa na ji ƙara, kamar an yar da buhu, sannan buta ta gangara. Na ruga. Ƙofar da kullum take ƙin rufuwa, ranar ta ƙi buɗuwa, sai da na banke ta. Daɓen gefen masai ne ya lotsa, balat biyu suka nutse, ƙafar Baba ta bi su. Na same shi zaune cikin ruwan nan, wandonsa a gwiwa, yana lalube da hannu ɗaya yana neman abin da zai rufe jikinsa da shi.

"Fita," ya ce. "Fita, Uwata."

Ban fita ba. Na cire mayafina na yafa masa a cinya, na juya fuskata ga bango, na sa hannu ta ƙarƙashin hammatarsa na ɗaga. Ashe ba shi da nauyi. Mutumin da na taso ina gani yana saɓa buhun siminti a kafaɗa ɗaya, na ɗaga shi kamar ƙunshin wanki. Allah ya kiyaye, bai karye ba, ƙwaurinsa ne kawai ya kuje. Na wanke masa, na ɗaure. Da safe ina ɗaura takalmi ya ce, yana fuskantar wani wuri daban, "In za ki kira mai famfo, ki kira dattijo. Kada ki kawo mini masu fasa kafin su duba."

Wata abokiyar aikina ce ta haɗa ni da wani mai famfo daga unguwar Shajara. Na nemi hutun kwana uku a makaranta, ina ganin sun isa. Ya ce zai zo da ƙarfe takwas, bai iso ba sai wajen sha ɗaya, wai gadar White Nile ta cushe. Dogo ne, baƙi, gashin gemunsa ya fi rabi fari, yana riƙe da jakar buhu da kayan aiki ke ƙara a ciki. Da Larabci ya yi sallama, da Larabci na kai shi banɗakin. Ya tsuguna ya ƙwanƙwasa balat ɗaya bayan ɗaya da bayan guduma, yana kasa kunne. Ya zuba ruwa a masan, ya jira. Sannan ya miƙe ya ce mini babu makawa sai an cire masan an fasa daɓen duka, don ruwan ya daɗe yana cin ƙasa.

Baba yana rumfa yana ji. Ya yi tsaki ya ce da Hausa, don ni kaɗai yake nufi in ji, "Ga shi nan. Bai san komai ba sai fasa. Wannan rushe mini gida zai yi."

Mutumin ya goge hannu a jikin rigarsa, ya juyo ya ce da Hausa tsantsa, "Usta, in na rushe ai kana nan, sai ka tayar."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba kuwa ya ce, "Kai ɗan wane gida ne?"

Ashe iyayensa cirar auduga suka yi a gonakin Gezira, a can aka haife shi, yana saurayi ya shigo birni ya koyi aikin famfo. Ya ce 'ya'yansa suna jin Hausa amma da Larabci suke amsa masa, ya kan yi sati bai yi ta da kowa ba. Baba ya sa na kawo shayi. Suka shafe kusan awa guda suna lissafa garuruwa da unguwanni da mutanen da duk sun mutu, ni ina tsaye ina kallon rana tana tafiya da ranar hutuna ta farko.

Bayan azahar ya fara. Ya kwance masan ya fito da shi tsakar gida, ya jingina shi da bishiyar darbejiya. Ya ce zai yi ƙoƙari ya ɓamɓare balat ɗin ba tare da ya fasa ba, amma ba zai yi alkawari ba. Wasu suka fito lafiya, don simintin ƙarƙashinsu ya riga ya zama gari. Wasu suka tsage. Duk wanda ya tsage sai in ga kafaɗar Baba ta motsa a kan gado, ko da yake ya ƙara muryar rediyo.

Abin da ke ƙarƙashi ba zan manta da shi ba. Yashin da aka shimfiɗa a da ya zama baƙin taɓo mai sulɓi, kyankyasai suna fitowa daga ciki suna bin bango. Mai famfon yana haƙa yana cika bokiti, ni ina ɗauka ina kaiwa bayan gida ina juyewa, inda mai amalanken jaki zai zo ya kwashe. Da farko ya hana ni, ya ce, "Ustaza, wannan ba aikinki ba ne." Na ce masa in ban ɗauka ba wa zai ɗauka, shi ga haƙa ga jigila sai mu kai wata. Na ɗaure hancina da ɗankwali na ci gaba. Ban ƙirga bokitan ba. Na dai san zuwa yamma yatsuna sun ƙi miƙewa, ƙarfen bokitin ya bar mini jan layi a tafin hannu.

Wahalar da ban yi tunaninta ba ita ce inda za mu kewaya. Maƙwabciyarmu, wata Hajiya da ta yi ƙawance da Inna, ta ce gidanta gidanmu ne, ta ma bar ƙofar baya a buɗe. Ni ba matsala. Amma masanta na tsuguno ne, Baba kuwa in ya tsuguna ba ya iya tashi. Na ɗauki wata tsohuwar kujerar roba, na zafafa wuƙa a garwashi, na yanke tsakiyarta. Da na kawo masa ya shafa ta da hannu, ya bi bakin ramin da yatsa. Sannan ya ce in kai ta can in ajiye, kada in riƙo ta muna tafe tare a layi.

Daga ranar ya rage ci. In na kawo wake da burodi da safe ya gutsira sau biyu ya ture. Ruwa ma sai na tsaya a kansa, ga zafin da ake yi. Na gane dalili, don kada ya yawaita zuwa gidan mutane ne yana dogara sanda, jikokin Hajiya suna ba shi hanya. Na yi lallashi, na yi faɗa. Ya ce shi dai ba ya jin yunwa.

A rana ta biyu da hantsi mai famfon ya kai ga bututun. Na shigo da bokiti sai na ga ya daina haƙa, yana share wani abu da yatsa. Ya yafito ni. Inda bututun masai ya haɗu da babban bututun da ke fita waje, babu mahaɗin da ya kamata a ce yana wurin. Bututu biyu ne masu faɗi daban-daban, an cusa ƙaramin cikin babban, an naɗe su da robar tayar mota, an ɗaure da waya, an lafta siminti a kai. Robar ta ruɓe ta zama kamar jiƙaƙƙiyar takarda, wayar ta yi tsatsa ta tsinke. Ko ni da ban san aikin ba na ga cewa wannan aikin wucin gadi ne.

Ya ɗaga ido ya dube ni, ya dubi wajen rumfa, ya sa yatsa a leɓensa. Na gyaɗa kai. Amma shirun namu ne ya tona mu. Baba ya kashe rediyo.

"Ka kai ga mahaɗin?"

Mai famfon ya yi gyaran murya. "Na kai, Usta. Tsufa ne kawai, komai yana da kwanansa."

"Roba ce da waya. Ba sai ka rufa mini asiri ba, ni na ɗaura."

Na ajiye bokitin na fito. Yana zaune a bakin gado, ya dafa sandarsa da hannu biyu. Ba ni yake kallo ba, ba ya kallon kowa. Ya ce ranar da ya zo haɗa bututun, washegari za a sallamo Inna daga asibiti. Mahaɗin da ya sayo bai yi daidai ba, ga shi jajibirin salla, duk shagunan kayan gini sun rufe. Shi kuma ya riga ya yi mata alkawari cewa in ta dawo ba za ta sake tsuguno ba ko sau ɗaya. Sai ya yanko tsohuwar roba ya naɗe, da niyyar bayan salla ya buɗe ya gyara.

"To da ta dawo ta gani," ya ce, "ta yi ta sa mini albarka. Na ce bari ta ɗan ji daɗinsa tukuna. Sai jikin ya ƙara tsanani, ba halin a hana ta shi na kwana uku. Sai ta rasu. Bayan nan na ɗauki guduma sau biyu na je har bakin ƙofa."

Mai famfon, daga cikin rami, ya ce, "Allah ya jiƙanta. Wallahi Usta, robar nan ta yi ƙoƙari. Ta fi shekara goma."

Na san abin da ya kamata in ji a lokacin. Tausayi ya kamata in ji, kuma daga baya na ji shi. Amma a wannan sa'a abin da ya taso mini daban ne. Na tuna tsumman da na yi ta matsewa, da wankan rabin bokiti, da kujerata da na ja kusa da taga.

"Baba, ashe ka sani. Ka sani ka ce ni ce nake watsa ruwa."

Ya sunkuyar da kai. Na ci gaba.

"Wata nawa ina zargin kaina? Da ƙugunka ne ya karye fa, wa zai yi jinya? Wa?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar, kuma a gaban baƙo. Na ɗauki bokitina na koma aiki. Mai famfon ya duƙar da kai yana ta haƙan wurin da ya riga ya gama haƙawa.

Kwana uku suka zama tara. Mai famfon ya sa sabon mahaɗi a rana ta uku, amma ya ce ba zai rufe ramin ba sai ƙasa ta bushe, in ba haka ba sabon daɓen ma lotsawa zai yi. Banɗakin rufin kwano gare shi, rana ba ta shiga. Muka cire ƙofar gaba ɗaya, don ƙasan katakon ya riga ya ruɓe, na jawo fanka na saita ta a bakin ramin. In an kawo wuta ta yi aiki, in an ɗauke mu zauna. Na koma makaranta na roƙi ƙarin kwanaki, shugabar ta ba ni tana kallon rajista, ba ta kalle ni ba.

Sai neman balat. Na sa guntun tsohon a jaka na tafi kasuwar Sajjana a Khartoum, inda ake sayar da kayan gini. Na bi shago-shago cikin rana ina nuna shi. Wani ya juya shi a hannu ya yi dariya ya ce an daina yin irin wannan tun yana makaranta. Wani ya ce in canza duka in huta. A ƙarshe na sami mai ruwan toka da girmansa ya zo ɗaya da namu, na sayi abin da zai cike gurbin waɗanda suka fashe. Mai raksha, wato keken nan mai ƙafa uku, ya ƙi ƙetare gada da ni, sai da na sauke kwalin na sake neman wata motar. Na iso gida bayan la'asar, ƙafafuna sun kumbura, ban ci komai ba tun safe.

Tun daga zaure na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na shigo na ga Baba a ƙasa a kan tabarma, ya miƙe ƙafarsa mai ciwo. Ya sa mai famfon ya tara masa tsofaffin balat ɗin da suka tsira a gefensa, ya ciro ƙaramar gudumarsa da ta daɗe a cikin akwati. Yana ɗaukar ɗaya, ya kifa shi a cinya, ya shafa bayansa da tafin hannu har ya ji inda tsohon siminti ya manne, ya sara a hankali, ya sake shafawa. Waɗanda ya gama ya jera su a hannun dama, bayansu tas. Ƙura ta yi masa fari a gemu da gira.

Ya ji motsina ya ce, "Uwata, kin samo?"

"Na samo mai ruwan toka."

"To. Ba laifi." Ya ci gaba da sara. Can ya ce, "Akwai sauran wake? Zan ci."

Wannan ne kawai, bai ƙara ba, ni ma ban nemi ƙari ba. Na ɗumama waken na zuba man riɗi, muka ci a kwano ɗaya, abin da muka daɗe ba mu yi ba. Kwana biyu ya yi yana wannan aikin, guda ɗaya tak ya fasa.

Ranar shimfiɗa, mai famfon ya zuba tsakuwa da sabon yashi ya daddaɓe, ya kwaɓa siminti a tsakar gida, ni ina ɗebo ruwa daga ganga don famfo ya ɗauke tun jiya. Baba ya sa aka kai masa kujera 'yar tsuguno bakin ƙofa. Shi ya ce a sa masu ruwan tokan a bayan masai da gindin bango inda ido ba ya yawan zuwa, shuɗayen a tsakiya. Duk layin da aka gama sai ya sunkuya ya bi shi da tafin hannu daga bango zuwa magudana. A layi na huɗu ya tsaya.

"Wannan ya ɗaga."

Mai famfon ya ɗora ma'auninsa mai ɗigon ruwa a ciki, ya duba. "Usta, mizani ya ce daidai ne."

"Mizani bai taɓa wanka a nan ba. Ɗaga shi."

Na ga mutumin ya haɗiye wata magana. Shi ma ya gaji, kullum daga Shajara yake tasowa, gwiwoyinsa a kan siminti tun safe. Amma ya sa cokalin gini ya ɗaga balat ɗin, ya rage simintin ƙarƙashi, ya mayar ya bubbuga. Baba ya shafa ya ce yanzu ya zauna. A layi na shida ya sake cewa a ɗaga wani, wannan karon mai famfon ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri Usta, wannan kam a bar mini shi." Baba ya bar masa.

Ana cikin mayar da masan Yaya ya yi sallama, rungume da kankana. Ya leƙa banɗakin, ya dubi tulin ƙasa a bayan gida, ya dubi hannuwana. Ya ce, "Haba, ai da kin gaya mini abin ya kai haka." Na karɓi kankanar na je na yanka. Ya zauna da Baba har la'asar, ya taimaka aka ɗora sabuwar ƙofa, ya tafi kafin hanya ta cushe.

Sai da muka ƙara kwana biyu muna zuwa gidan Hajiya kafin simintin ya kama, famfo kuma ya dawo. Mai famfon ya zo ya buɗe ruwa, ya cika tankin ya saki sau uku, ya shimfiɗa busasshiyar takarda a gindin masan ya jira. Ta fito a bushe. Ya watsa bokiti guda a daɓen, muka tsaya mu uku a bakin ƙofa. Ruwan ya gangara ya shige magudana, ban da ɗan kaɗan da ya kwanta a layi na shida, faɗin tafin hannu. Mai famfon ya dube ni, na dube shi. Baba ya ce, "Ya tafi duka?" Na ce ya tafi. Tun daga ranar nake share wannan ɗan ruwan da tsintsiya bayan kowane wanka.

Da mutumin ya tattara kayansa Baba ya raka shi har zaure, yana riƙe da hannunsa yana sa masa albarka. Sannan ya dawo ya ce in miƙo masa sabulu da tawul, wanka zai yi. Na zauna a bakin gadonsa na igiya ina saurare, don in ji in ya zame. Na ji ya rufe ƙofa, ta rufu ba gardama. Na ji zubar ruwa. Na ce bari in ɗan jingina da bango.

Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Da na farka inuwar darbejiya ta kai bangon gabas, wuyana ya ƙage, Baba yana zaune a kujera cikin wankakkiyar jallabiya, ya rage muryar rediyo har da ƙyar ake ji. Ya ce, "Tashi ki yi la'asar, Uwata, rana ta kusa faɗuwa."

Washegari na koma makaranta. Na sami littattafan yara na kwana goma sha ɗaya jibge a kan teburina suna jiran jan biro. Bayana kuwa sai da ya yi wata guda kafin in iya ruku'u ba tare da na dafa gwiwa na cije leɓe ba.